Rigar Jijiya

Dubu huɗu da ɗari uku da sha biyu.
Abin da allon ya nuna ke nan jiya da dare
kafin wuta ta ɗauke a Garin Malam,
na zauna a duhu da lambar a bakina
kamar goron da ya ƙi taunuwa.

Da safe na faɗa wa Iya.
Ta ce, "Duk waɗannan sun ambace ki?
To wa ya zo gaisuwa a cikinsu?"
Ta ci gaba da tsinkar zogale.

Babanmu gyaran rediyo yake a Kasuwar Dole.
Shi ya fara koya mini ciwon nan, bai sani ba.
Ya ɗaga wata waya da ɓera ya gwaigwaye,
ya ce, "Cima, ƙarfen lafiya lau yake,
rigar ce ta tafi, shi ya sa magana ke yankewa."
Ya naɗe ta da baƙin salatif.
Rediyo ta yi tari, ta kama labaru.

Bayan shekara tara, Magaram, yayata,
ta sauke tulu ta ce idonta na dama ya dushe.
Ya dawo. Damina ta zagayo, ƙafa ta fara ja.
Ta dawo. Sai hannu.
Aka ce iska, aka ce sammu,
aka ƙona turare har bango ya yi baƙi.
Ciwo mai zuwa da komawa kamar mai bin bashi,
kowane zuwa sai ya fita da wani abu.

Na bi sawunsa har Yamai, har Dakar,
har garin da rana ke faɗuwa tun la'asar.
Can aka nuna mini hoton ƙwaƙwalwa
da farin ɗigo-ɗigo kamar an watsa gero a tabarma,
aka ce dakarun jiki ne suka juya wa gida,
suna cinye rigar jijiya.
Na tuna ɓeran Baba. Na fita waje na yi kuka.

Shekara ashirin da uku ina kan madubin ƙwayoyi.
Ɓeraye farare, jini a kwalba, abinci a tsaye.
Takarda ta farko sau biyar aka mayar mini.
Ta shida ce ta yi ƙafa,
ta shiga ɗakunan da ban taɓa takawa ba,
wasu suka kafa tukunyarsu bisa murhuna,
lamba ta dinga hawa ina barci.
An tafa mini. Na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba.

Amma akwai wata ƴar takarda, shafi huɗu,
kan mutum goma sha ɗaya daga ƙasar Damagaram.
Sau uku aka ambace ta. Ɗaya ni ce.
A ciki Magaram ba ta da suna:
mara lafiya ta bakwai, mace, shekara arba'in.

Ran Laraba wani yaron likita ya kira daga Tanut,
murya na yankewa kamar rediyon Baba.
Ya ce ya karanta shafi huɗun nan,
yana da wata yarinya, ido ya dushe ya dawo,
kada dai shi ne?
Na ce ka turo ta, kada ka jira ƙafa.
Wannan kiran ba ya cikin lissafin allo.

Yanzu yamma ta sauka kan duwatsun Birni.
Magaram na kujerarta ƙarƙashin bedi,
kofin shayi na rawa a hannunta.
Ta ce, "Malama, yau nawa?"
Na faɗa mata.
Ta yi dariya har shayin ya zube a zane.
Ta ce, "Riƙe mini kofin nan,
ke da duniya ta sani."

Na riƙe.